Gwajin da Ba a Rubuta Ba

Wani ƙanena a Ƙauran Namoda ya haɗa wa 'yan hatsin kasuwar Shinkafi manhajar rubuta bashi. Yaro ne mai tsari har ya yi yawa. Kowane gwajin da ya yi wa manhajar yana da layinsa a wani littafi mai bangon kwali: lamba, kwanan wata, abin da ake sa ran gani, abin da aka gani. Ko wasali ɗaya ya gyara, sai ya sake bin gwaje-gwajen daga farko, kamar mai ƙirga awaki da magariba. Kullum a cike suke.

Sai ga Satumban 2021, aka katse layukan waya a faɗin Zamfara saboda 'yan bindiga. Manhaja ta yi gum, ta haɗiye bashin mutane.

Wani dattijo ya taso tun daga Zurmi neman lissafinsa.

"Yaro, ba kai ka ce ka gwada komai ba?"

"Na gwada, Baba. Ga shaida."

Dattijo ya jinjina littafin, ya leƙa shafukan.

"Shi ma wannan sai da sabis yake buɗuwa?"

"A'a, Baba."

"To, ai da bashin ka rubuta a ciki."