Masu Situdiyon Zaure, Daga Gwandu Zuwa Kalgo

Jita ba ta cika yawa a ƙasar Gwandu ba. Tun da nanaye ta kankama fiyano ke mulki, kafin nan kuma su Gambu da Sani Ɗandawo a fili suka ci zamaninsu, inda babu bangon da zai dawo wa makaɗi da amonsa. Yanzu samari na kallon Bombino da Mdou Moctar na Nijar a waya, sai ka ji wani ya yi aike kasuwar Alaba ta Legas an kawo masa jita da amfilifaya na gwanjo, ya share ɗakin zaure ya ce situdiyo ne. Saura a san inda za a ajiye akwatin amfilifayar, kuma a nan halin kowa ke fitowa.

Akwai Ɗan Lungu. Ranar da ya tura akwatin kusurwa ya ji bes ya kumbura, ranar ya daina jin shawara. Kunnensa bai yi masa ƙarya ba, bango biyu da daɓe ne suka haɗu suna tattaro masa kaurin sautin wuri guda. Sai dai in an ɗauka an saurara, ba ka bambance tsirkiya ko ɗaya, gurnani ne tun daga farko har ƙarshe. Ce masa ya jawo akwatin kamu biyu daga bango, sai ya dube ka ya ce, "Ƙanena, wanga bes da kuɗɗina na saye shi, ba ni rage ko kaɗan."

Mai Kwalin Ƙwai ya fi shi wahala, shi ya sa nake tausaya masa. Ya bi masu shayin Kalgo teburi-teburi yana roƙon kiret, ya sayi gam, ya liƙe bango har silin. Kwali kuwa siriri ne, ɗan tsinin sauti kawai yake ragewa. Bes ratsa shi yake ya bugi bulo ya dawo lafiya lau, maƙwabta kuma ba abin da ya ragu a kunnensu. Ribar da ya ci kyankyasai ne, da bangon da tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Abin takaicin, katifar da ya fitar tsakar gida don ɗakin ya yi kama da wurin aiki, da ita ya jingina a bango da ta fi kwalin nan duka amfani.

Sai Injiniya. Ɗalibi ne a Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi, wadda aka kafa a 2013, mazauninta na kan hanyar Kalgo zuwa Bunza, kuma ba ya shiga ɗaki sai da tef ɗin awo. Zai zaunar da kai ya ce sauti na cin mita 343 a daƙiƙa, ɗakin nan faɗinsa mita uku da rabi, ka ninka faɗin sau biyu ka raba 343 ɗin da shi, 49 za ka samu. Wato ɗakin da kansa yana kumbura duk amon da ke kaɗawa sau 49 a daƙiƙa. Wutar Najeriya kuma sau 50 take kaɗawa, don haka ƙugin da lalatacciyar waya ke jawowa ya sami ɗaki daidai wuyansa. In tsawo da faɗi suka zo ɗaya, abin ya ƙaru. Wallahi lissafinsa daidai ne, kuma shi kaɗai ya san a kauce wa tsakiyar ɗaki. Matsalar, bai taɓa gama waƙa ba. Kafin ya kammala awo an ɗauke wuta, an tayar da janareta a bayan taga. Ya rufe taga, ya kashe fanka, a watan Afrilu da zafi ke haura 40, mawaƙi ya ce bari ya sha iska ya dawo, ba a sake ganinsa ba. Don Allah kada wanda ya tuna masa cewa a irin wannan zafi gudun sauti na kai wa 355, in ba haka ba wani makon ya tafi.

Ɗan Alhaji kayansa sababbi ne fil, ɗakinsa tayil a ƙasa, fenti mai sheƙi, taga ta gilashi. Tafa hannu sau ɗaya a ciki ka ji yadda ƙarar ke zarya tsakanin bango da bango. Ɗakin kakarsa a cikin garin Gwandu, ginin ƙasa mai rufin azara, da tabarma da gado da tulin zannuwa, ya fi nasa daɗin ɗauka nesa ba kusa ba, domin bangon ba sumul yake ba, kuma kayan ɗakin na shanye amsa-kuwwa. An faɗa masa. Ya ce wurin ba zai yi kyau a TikTok ba.

Mai Kunne a Ƙwauri shi a ƙasa yake dire akwatin, ya tsaya a kansa. Siririn sauti miƙewa yake inda bakin lasifika ya nufa, ƙwaurinsa ke sha, shi yana jin dishi-dishi, sai ya yi ta murɗa maɓalli. Makirfon da ke manne da bakin lasifikar kuwa komai ya kwasa, in an kunna sai haƙoranka sun mutu. Kujera ɗaya ce maganinsa, ko ya ɗan kishingiɗa akwatin ya dubi fuskarsa.

Mai Taga ba ɗauka ta dame shi ba. Bakin akwatinsa titi yake kallo, kuma da la'asar yake gwaji, lokacin da 'yan Islamiyya ke tasowa. Na kusa da shi kuma duk ƙugin da ya ji a faifai, mahassada ne, har turare ya yi wa amfilifaya.

Duk cikinsu ba wanda ke da ta cewa irin Inna, mai gidan da zauren ɗayansu yake. Da safe ta shigo shara ta tarar da akwati a hanya, ta ciccibe shi ta ɗora kan tsohon turmi gefen gado, nesa da lungu, ta ɗora fulas ɗin kunu a kai. Yaro ya dawo ya ɗauki waƙa, abokai suka ce bai taɓa fitar da mai tsabta irinta ba. Ya ce ai sabon saiti ya koyo a intanet. Washegari ya mayar da akwatin kusurwa, don Inna ta aiko a ba ta turminta.