Bazazzagi Ya Dawo Daga Girka Da Labarin Uwar Hatsi

Bawana Bazazzagi! An ce tun da ka dawo daga Atina ka hana majalisa sakat: Dimita kaza, Pan kaza, wai har ka ga Girkawa cikin fararen mayafai suna tsiyaya giyar inabi a ƙasa don gumakan kakanninsu. To, tun da ku ba ku iya karanta shafi biyu ba tare da kun tara jama'a kun yi musu lacca ba, zauna ubangidanka na Kano ya gyara maka karatun.

Ita Dimitar da kake ambato kamar gwaggonka, a wajen Girkawan dauri ita ce uwar hatsi, alkama da sha'ir duk a hannunta suke, in ji su. Suka ce Hedis, sarkin matattu, ya sace 'yarta Pasifoni, uwar ta fusata ta hana ƙasa tsiro har yunwa ta kusa ƙarar da mutane. Da aka zo sulhu sai aka tarar yarinyar ta riga ta ci rumman a gidan mijin, dole ta riƙa raba shekara tsakanin ƙarƙashin ƙasa da ɗakin uwarta. In ta dawo, gona ta yi kore. Duk wanda ya taɓa jiran ruwan shuka ya san manomi ne ya tsara wannan labari.

Abin da ka ɓoye wa 'yan majalisa shi ne alade. A bikinta na Tesmoforiya, na kwana uku, wanda mata zalla ke yi, 'yan aladu ake jefawa cikin ramuka a bar su su ruɓe, sannan wasu mata su sauka su kwaso ragowar a cakuɗa da irin shuka. Wannan ba ya cikin hotunan da ke wayarka. Babbar cibiyarta kuwa tana Elefsina, kimanin kilomita 20 yamma da Atina, inda ake shigar da mutane wani asiri da hukuncin mai tona shi kisa ne. Sama da shekara dubu ana yi, har yau masana ba su da tabbacin abin da ake nuna wa masu shiga ɗakin. Da akwai Bazazzagi ko ɗaya a cikinsu, da kafin la'asar labari ya kai kasuwa.

Sarkin Rum Tiyodosiyus ya haramta bautar gumaka a 392, mayaƙan wani sarki, Alarik, suka ragargaza cibiyar Elefsina a 396. Amma manoman garin, duk da sun zama Kiristoci, sai suka riƙe wani ƙaton mutum-mutumin marmara, suka mai da shi waliyyiya, suna tara masa taki har wuya don gonakinsu su yi albarka. A 1801 wani Bature, Edward Clarke, ya tumɓuke shi ya kai Kambirij, mutanen gari na kuka. Daga baya aka gano ba ma Dimita ba ce, ginshiƙin ƙofa ne da aka sassaƙa da siffar mace.

Yanzu ga mutanen naka na zamani. A 1997 suka kafa majalisar ƙolinsu, YSEE, a 2017 gwamnatin Girka ta amince da su a matsayin addini, kuma duk watan Yuni suna taruwa a gindin dutsen Olimfus. Baikonsu zuma ne da turare da 'ya'yan itace, ba yanka, ba rami, ba wari. A Ingila kuma Gerald Gardner ya fito da addinin Wika fili a 1954, da allansu mai ƙaho wanda ya ɗebo kamanni da yawa daga Pan. Ƙidayar 2021 a Ingila da Wales ta sami mutum 74,000 da suka rubuta cewa addininsu na gargajiyar Turai ne. Allah Ya tsare mana imaninmu.

Shi Pan ɗin ma an yi masa wanka. Asalinsa na makiyayan Arkadiya ne, ƙafafun akuya, ƙaho, sarewa, ga bin mata. In mafarauta suka dawo da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, samari sukan zane gunkinsa da bulalar albasar daji. Yau ya zama tutar masu kare dazuzzuka. Ban raina damuwarsu ba, wanda ya ga yadda gobarar daji ke cin Girka duk bazara dole hankalinsa ya tashi. Sai dai mutanen dauri gurasa suke nema a wajen gumakan nan, na yanzu kuwa akasari 'yan birni ne da ke sayen burodi a kanti, natsuwa suke nema. Abu ɗaya ne bai canja ba: Pan barcin rana yake yi, wanda ya tashe shi ya shiga uku. Nan na gane abin da ya haɗa ku.

Na san za ka ce in fara da Tsumburbura da Barbushe a kan Dala. Mu tun zamanin Sarki Tsamiya muka rushe namu. Kai dai a tambaye ka labarin Kufena, sai ka hau tari.

Damina ta ƙarato, gonar masararka kuma ko sharar fari ba a yi ba. Ajiye lacca ka je ka nemi taki. In za ka zo gaisuwa, kada ka shigo mini gida ba man zaitun ɗin tsarabata.