Regiletar Nutso a Garin da Ba Teku

Na san abin da za ku ce tun ban rufe baki ba. Malam, a Kaduna kake zaune, tsakaninka da teku tafiyar yini guda ce cur a mota, ga tsadar shinkafa, ga rashin wuta, ka rasa abin rubutu sai tsohuwar regiletar masu nutso? To ku yi dariyarku ku more, ina nan. In kun gama, ku taka bayan Gamji ko Kabala Doki a watan Agusta, lokacin da kogi ya cika ya batse, ku gaya mini wa ke shiga ya lalubo yaron da ruwa ya ci. Masunta ne da masu haƙar yashi, daga su sai gajeren wando da numfashin da Allah Ya ba su. Garin da kuke cewa ba ruwansa da teku kuwa, a cikinsa makarantar sojoji ta NDA take tun 1964, tana yaye hafsoshi har da na sojan ruwa. Kayan nutso kan fito daga akwatin tsohon soja, ko na wanda ya gama aikin mai a Fatakwal ya dawo gida, ko su faɗo cikin kwantenar gwanjo, magada su tsaya suna juya su.

Ga wanda bai taɓa ganinta ba, aikinta ɗaya ne. Mai faci kan sa wa tayar mota 32 ko 35 a gejinsa. Tukunyar da mai nutso ke goyawa tana ɗaukar wajen 3,000 a wannan ma'aunin. Kan regileta, wanda ake ɗaurawa a bakin tukunya, shi ke karya wannan ƙarfi zuwa kamar 140, sannan ɓangaren da ake cizawa a baki ya daidaita iskar da nauyin ruwan da ke kanka, ya ba ka ita sa'ad da ka ja kawai.

Alhaji na Kano, na ji ka tun daga nan: nawa kilo? Ban yi mamaki ba, ku da ko inuwa kuka samu sai kun nemi mai saye. Gaskiya ne jikinta tagulla ce, 'yan gwangwan za su karɓa da murna. Amma wannan jikin yakan yi shekara talatin bai gaji ba. Robar ciki ce ke mutuwa: ƙananan zobba, fallen da ke motsi da numfashi, matoshin da ke tare iska, da tiyo. Zafin Afrilu da bushewar hunturu su suka fi kowa iya kashe su, kuma a ɓoye, waje na ta ƙyalli.

Sai kai maigida na Tsohuwar Panteka, da ka ce a kawo maka ka gani. Ba na raina hannunka. Na ga injin niƙa da tukwane da kuka ƙera daga abin da wasu suka zubar. Nan dai ka yi haƙuri. In ka yanko zobe daga tsohon tub ka shafa giris, a rumfarka za ta yi numfashi lafiya lau, har ka ce ka fi Bature. Aibin sai an kai mita goma a cikin ruwan damina mai laka, inda mutum ba ya ganin tafin hannunsa, zai bayyana: ko ta ɓalle ta zubar da iskar tukunya duka, ko ta riƙa haɗa wa mutum da ruwa. Masu gyaranta na gaskiya kayan kamfanin da ya ƙera ta suke sawa, duk shekara ɗaya ko biyu, sannan su ɗaura geji su zuba ido. In allura ta tsaya, madalla. In tana rarrafawa sama, matoshi ya mutu. In kuma kamfanin ya daina yin kayan wannan samfurin, zance ya ƙare, ta gama shiga ruwa.

Mai walda, sauke hannunka. Kar ka kuskura ka ɗaura ta a tukunyar oksijin. Oksijin mai ƙarfi in ya haɗu da maiƙo wuta yake kamawa ba ashana. Hajiya kuma da ke tambaya ko za ta hau tukunyar gas ɗin girki, ba za ta yi ba, amma ke kika fi kowa kusa da tarihi. A Faransa, lokacin da yaƙin duniya na biyu ya sa fetur ya yi wuya, injiniya Émile Gagnan yana aiki ne a kan wata 'yar na'ura da za ta sa mota tafiya da gas, irin halin da muka shiga bayan cire tallafin mai a 2023. Ita ce shi da Jacques Cousteau suka juya ta zama regiletar nutso a 1943. Gwajin farko ma a kogin Marne aka yi, kusa da Paris. Masu tambayar ina teku, kun ji?

Ra'ayina shi ne, wadda ake samun kayanta a kai ta Legas ko Fatakwal a gyara, ta koma hannun masu ceto a kogi. Sai dai kar wani mai son lada ya miƙa wa masunci ita haka kawai. Gwanintarsa ce za ta cuce shi. Tun yana yaro ya saba riƙe numfashi har ya taso, ita kuwa wannan sana'a dokarta ta farko kar a riƙe. Iskar da aka shaƙa a zurfin mita goma takan ninka girmanta biyu kafin a iso sama, in an kulle ta a ƙirji sai ta fasa huhu, ko a ruwan da bai kai haka zurfi ba tana yin lahani. Sai an koya masa, ya warware abin da jikinsa ya haddace. Tukunyar ma ba injin mai faci ke cika ta ba. Ƙarfinsa bai kai ba, iskarsa kuma da mai da hayaƙi take tafe.

Wadda ba ta da kaya, a yanke tiyon baki don kar wani ya gwada sa'arsa. Kan nata, in da tukunya, yana hura taya ya kakkaɓe ƙura. Ko a rataye ta a falo baƙi su sami abin tambaya.

Alhaji, dawo, ban sallame ka ba. Kafin ka ɗora a sikeli, duba da kyau. In tana da manyan tiyo biyu masu zagayo wuya, irin ta zamanin Cousteau, akwai masu tara kayan tarihi a Amurka da Turai da ke nemanta, kuma ba da kilo suke saye ba. Ga shi har idonka ya buɗe. La'adata kashi goma ce, a Kaduna za a biya, ba na karɓar alkawarin Kantin Kwari.