Zuwa ga taubashina, mai ɗaukar hoton matattun kuɗi

Taubashi, bawan gidanmu, labarinka ya riga ka isowa Nima. An ce tun da ka bar sayar da kayan mota a Abossey Okai ka sami sabuwar sana'a a Maamobi: ka kulle ƙofa, ka shimfiɗa baƙin mayafin Hajiya a kan tebur, ka jera tsofaffin kwabbai kana ɗaukar su hoto ɗaya bayan ɗaya, kamar maniyyatan da za a yi wa fasfo. Jikokinka sun ce ko tari ba a yi a gidan idan ka ɗora waya a kan littattafai, wai kada hoton ya girgiza. Mutumin da bai taɓa ɗaukar 'ya'yansa hoton sallah ba!

Na ga wanda ka fi alfahari da shi, liyarin nan na azurfa mai kan mace. Ka rubuta a ƙarƙashinsa, "Kuɗin shekarar 1780." Allah Ya ba ka haƙuri. Matar sunanta Maria Theresa, sarauniyar Ostiriya, a 1780 ta rasu, kuma tun daga ranar duk liyarin da aka buga wannan shekarar ake rubuta masa, domin 'yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da namu sun saba da shi haka, ba sa karɓar wani. An buga shi a Landan, an buga a Faris da Rum da Bombay, a Biyana kuwa har gobe ana bugawa. Ba mamaki naka ka girme shi. Zamanin da Bature Barth ya shiga Kano a 1851, dala ɗaya irin wannan wuri 2,500 ake canza ta. Fataken goro da suka bi hanyar Salaga kuwa wuri suka fi ɗauka, buhu-buhu a kan jakuna, shi ya sa kakanninmu ba su bar mana azurfa mai yawa ba.

Sai kwabon nan mai huji na 1936 da ka ce in an ji labarinsa a Ingila za a turo jirgi. E, sunan Sarki Edward na takwas ne a kai, wanda bai cika shekara a gadon sarauta ba ya sauka don ya auri Ba'amurkiya. A can Ingila ba a kai ga sakin kuɗi da kansa ba, amma namu da yake huji ne a tsakiya, babu wurin sa fuska, suna kawai aka sauya aka buga miliyoyi. Duk tsohuwar da ke da gwangwani a Sabon Zango ko Fadama, ka girgiza shi za ka ji ɗan'uwansa. Abin da zai sa a turo jirgi shi ne azurfar "ackey" da kamfanin fataken Ingila ya buga wa Gwalkwas a 1796 da 1818. Ita kuwa ba ka da ita, kuma irinku ba sa tsintuwa.

Amma gaskiya ɗaya ce, ko ga bawa ana faɗinta: hotunanka na baya-bayan nan sun yi kyau. Na farko ka riƙa kunna filas, hasken ya daki ƙarfe ya dawo, ba a ganin komai sai farin tabo da inuwar hularka. Yanzu ka gane cewa daga gefe ake kawo haske, ƙasa-ƙasa, don kowane harafi ya yi 'yar inuwa ya fito, ka kuma sa farar takarda a ɗaya gefen tana mayar da hasken. An ce ɗauke wuta ne ya koya maka, ranar da ka koma ga tocila dole. A hoton aninin nan ne na fara lura da rubutun Larabci da ke ƙarƙashin hujin, ga tauraro mai tsini shida a bayansa. Na sha riƙe shi ina yaro ban taɓa karantawa ba. Turawa sun san waɗanda za su karɓi kuɗin nan a Arewa haruffan allo suka iya, sai suka rubuta musu darajar kuɗin da su. Na farkon, na 1907, har sunan Nijeriya ke jiki kafin a bar "British West Africa" kaɗai. Ka ga ke nan tun a kwabo dangin babana na Nijeriya suka riga ku.

To ga laifin da ba zan yafe ba. Sulen 1958 mai kan Kwame Nkrumah, kuɗin Gana na farko bayan 'yancin kai, ka ɗauke shi ka dirje da toka da lemun tsami wai ya yi ƙyalli a hoto. Masu tara tsofaffin kuɗi wannan duhun da shekaru suka shafa masa suke biya. Sojojin da suka yi juyin mulki a Fabrairun 1966 sai da suka jira 1967 kafin su cire kan mutumin daga sabon sidi. Kai da soso ka gama da hancinsa kafin la'asar.

Kuma kar ka ɗauka ban gane gwangwanin da ka kwaso kuɗin nan daga ciki ba. Na kakarmu ne, wanda take ajiyewa ƙarƙashin gado tun tana sayar da koko a bakin gota. Taro da sisi da fataka da ke ciki guminta ne, ni ma jikanta ne, don haka rabi nawa.

Muharram ya kusa. Bara da na aiko karɓar kuɗin shara ka ba yaro fesewa ɗaya ta 2007, wadda ko yaron motar tirotiro ba ya karɓa, ka ce wai nan da shekara ɗari za ta yi tsada. Bana ta MoMo nake so, sidin da ke sayen wake da shinkafa a kasuwar Laraba. Idan ka turo mini hotonsa, Hajiya zan faɗa wa inda mayafinta yake.