Ranar da Na Yi wa Jirgin Sama Dairek

A Amurka mutum na iya ƙera jirgin sama a garejin gidansa, ya hau ya tashi, hukuma kuma ta ba shi takarda. Sharaɗin dai ya zama shi ya yi fiye da rabin aikin, abin da suke kira dokar kashi 51, sannan ya rubuta a jikin jirgin ɓaro-ɓaro cewa na gwaji ne. Masu wannan lalura har ƙungiya gare su, EAA, tun 1953, kuma duk ƙarshen watan Yuli sukan yi dandazo a Oshkosh ta jihar Wiskonsin, jirage wajen 10,000 su cika garin da kewayensa.

Ɗana yana aikin asibiti a wani gari na wannan jiha. Da muka je ganin jikoki ni da Hajiya, ita ta samu kicin ta kama mulki, ni kuwa zama ya ishe ni. Ba majalisa, ba mai shayi, ba wanda zai tsaya ku taɓa gardamar siyasa. Sai na lura da wani dattijon Bature maƙwabcinsu, kullum garejinsa a buɗe, ƙarar bugun ƙarfe tun safe. Na ɗauka kwalekwale yake haɗawa. Ashe jirgi ne mai kujera biyu, RV-7A, wanda kamfanin Van's na jihar Oregon ke aiko wa mutum a akwatunan katako: fallayen alminiyom da ƙusoshin ribit sama da 10,000, ka je ka ji da su. Shekara da shekaru yana abu ɗaya, motar matarsa tana kwana a waje cikin ƙanƙara.

Da ya faɗi sunan jirgin sai na gyara zaman hula na ce ai wannan ɗan gida ne. A Kaduna, cikin shekarun 1990, an haɗa wajen guda 60 na yayansa, RV-6A, aka sa musu suna Air Beetle, sojojin samanmu suna koyon tuƙi da su. Dattijo ya zaro ido, ya ce ko da ni aka yi aikin? Na ce a Kaduna nake a lokacin. Ban yi ƙarya ba. Tarihi nake koyarwa a sakandare, jiragen kuma ta saman gidana suke wucewa. Na ƙara masa da cewa duk tsawon zamana da Fijo 504 ban taɓa kai ta wurin mai wayarin ba. Nan take ya naɗa ni mataimaki a ɓangaren lantarki.

Ya zaunar da ni ya yi ta karatu. Wayar jirgi fara ce, rigarta ta musamman ce mai jure zafi, ba irin ta kasuwa ba. Lambar waya in ta yi sama, wayar sirancewa take yi: mai lamba 22 fis ɗinta amfiya 5, mai lamba 18 amfiya 10. Gangar jikin jirgin gaba ɗaya ita ce hanyar da wuta ke bi ta koma batir, saboda haka duk inda waya ta ɓare ta taɓa alminiyom, an gama. Ya ɗaga yatsa ya ce fis ba fitila yake tsaro ba, ba rediyo ba, waya yake tsaro. Ina ta gyaɗa kai irin na ɗaliban da na sha kora daga aji. A raina ina cewa mutumin da ya rayu da janareto da canjin layi, Bature ne zai koya masa wuta?

Ranar da abin zai faru, ya ce zai leƙa kanti ya dawo, in shiga in gwada masa farar fitilar wutsiya, jikana ya tsaya a baya ya gani ko ta kama. Ba a ɗaura fikafikai ba tukuna, sai na taka kujera na haye. Juma'a ce, ina cikin babbar riga. Tunda dama ta samu, na ɗaura bel ɗin nan mai igiyoyi ta kafaɗa da ƙugu, na jawo murfin gilashin na rufe, na ce wa yaron ya ɗauke ni hoto a tura wa mutanen majalisa.

Na danna jan makunni, na danna na fitila. Shiru.

"Kaka, ba ta kama ba!"

Na leƙa akwatin fis a ƙarƙashin allon agoguna, na zaro na wutsiya, ya ƙone. Na sa sabo, ƙyas, shi ma ya bi ɗan'uwansa. Nan fa ilimi ya motsa. Duk wanda ya taɓa tsayawa a hanyar Birnin Gwari da magariba, fitilar mota ta ɗauke, ya san abin da ake yi wa fis mai taurin kai. Na tsinci guntuwar waya mai kauri a ƙasan kujera, na feɗe ta da haƙori, na nannaɗe jan ƙarfen a ƙafafun mataccen fis ɗin, na cusa shi. Dairek ke nan. Na yi bisimilla na danna.

Fitila ba ta kama ba, amma wani abu ya kama. Wari ya fara zuwa, mai yaji, mai shiga maƙogwaro, sai hayaƙi ya biyo baya, kuma daga ƙarƙashin mazaunina yake fitowa, domin ta nan wayar ta bi zuwa wutsiya. Batirin jirgin bai fi kilo 7 ba, amma in aka ba shi hanya amfiya ɗaruruwa yake turowa, ni kuwa na share masa hanya na cire shinge.

Na yunƙura in tashi, bel ya ce ina! Na laluba makullin bel, hannun riga ya naɗe sandar tuƙi. Na tura murfin gilashi sama, ashe baya ake jan sa. Salati kuwa na yi wanda ban san na haddace ba. Ina jin yaron yana ihu da Hausarsa ta 'yan ƙasar waje, "Kaka, ja! Mai ja!" Na ce me zan ja, ɗan nema, ba ka ga komai ya ƙi jawuwa ba? Ashe jan makunnin yake nufi. Na danna duk abin da ke dannuwa a allon nan ban da shi. Har hura wa hayaƙin iska na yi da baki, don Allah kada a tambaye ni dalili.

Yaron ne ya hau kujera, ya murɗa mariƙin waje, ya zuge murfin, ya miƙa hannu ta gaban hancina ya kashe makunnin. Ɗan shekara tara. Har yau in muka yi waya sai ya ce tunda shi ya cece ni, in sakar masa Hajiya.

Matar Dattijo kuwa, wadda da alama ta daɗe tana jiran wannan rana, tun ganin hayaƙin farko ta kira 911. Ina saukowa, hula a karkace, sai ga jar mota da jiniya, 'yan kwana-kwana ƙarti sun diro da gatari. Suka tarar da waya ƙonanniya tsawon 'yan taku da dattijon Bahaushe yana tari. Hajiya ta leƙo daga ƙofa riƙe da ludayi, ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Malam, ko a nan ma?" ta koma ciki.

Dattijo ya dawo bai ce uffan ba. Ya ɗaga faifan ƙasan kujera ya bi wayar da tocila har ya kai wani rami a jikin alminiyom inda ya manta bai sa zoben roba ba. Kaifin ramin ya yanke rigar wayar wajen ja. Kafin ta tsinke kuma ta gasa 'yan'uwanta da ke ɗaure tare da ita, duk sai an sake. Na ce to alhamdu lillahi, ga shi na gano masa ɓoyayyen aibi tun a ƙasa, da a sama ya bayyana fa? Ya zaro fis ɗina mai rawani ya juya shi a hannu, ya ce fis ɗin farko ya riga ni ganowa, kuma shi bai kira 'yan kwana-kwana ba. Wai abin da na yi daidai yake da mai gidan da karensa ya yi haushi da tsakar dare, ya fito ya ɗaure bakin karen ya koma barci. Ban ga kamar ba, amma baƙo ba ya musu a gidan mutane.

Washegari na dawo da sabuwar aƙida: fis a kan komai. Ina bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya sai na ci karo da wata ƙatuwa mai kaurin yatsa, daga batir zuwa sitata, ba fis ba bireka. Na ce yawwa, na kama shi! Mai yi wa mutane wa'azi, ga babbar waya tsirara.

Ya ce da gangan ne. Sitata kan zuƙi amfiya 200 ko fiye wajen tayar da inji, fis ɗin da zai jure wannan ba ƙaramin lahani zai hana ba, ga ƙarin mahaɗai biyu da za su iya kwancewa. Ko dokar da aka daɗe ana ƙera ƙananan jiragen kamfani a kanta ta keɓe babbar wayar sitata daga wajibcin fis. Tsaronta daban ne: a gajarta ta, a ɗaure ta kada ta goga da komai, a rufe bakinta da roba, sannan a dasa babban makatsin wuta dab da batir, yadda jan makunnin nan zai kashe kusan komai da dannawa ɗaya. A jirgi, in ji shi, duk abin da ka ƙara don tsaro nauyi ne, kuma shi ma yana iya lalacewa. Tambayar da ake yi wa kowace waya biyu ce: in ta mutu a sama me zan rasa, in ta yi zafi me za ta ƙona?

Na ce in wuta ta ɗauke gaba ɗaya fa, ba sai faɗowa ba? Ya yi dariya. Injinsa Lycoming ne mai maganeto biyu, su ke ba fulogi wuta da kansu, ko an cire batir an jefar inji ba zai tsaya ba. Rediyo zai rasa, yana da na hannu a aljihu. Waɗanda suka sa wa injinsu tartsatsin zamani mai dogaro da batir, su ne dole su tanadi batir na biyu ko altaneta ta biyu. Duhun allo ba ya ba shi tsoro. Hayaƙi a ɗakin da bai fi bayan Keke Napep ba, kana sama ba gefen titi, shi ne abin gudu.

A nan ne ma masu ƙere-ƙeren suka rabu gida biyu. Wasu bireka suke jerawa a gabansu, in ta faɗo su mayar. Wasu, mabiya wani injiniya na jihar Kansas mai suna Bob Nuckolls, fis irin na mota suke sawa, mai araha mara nauyi, su ɓoye akwatin inda hannun matuƙi ba zai kai ba yana cikin tafiya, su tsara jirgin yadda mutuwar abu ɗaya ba za ta hana sauka lafiya ba. Hujjarsu ita ce abin da ya faɗar da bireka yana nan bai tafi ba, mayar da ita ba shi dama ta biyu ce. Dattijo ya daina murmushi ya kawo mini labarin jirgin Air Canada na 1983, wanda birekun injin bayan gidansa suka faɗo, matuƙa suka gwada mayarwa, daga baya hayaƙi ya turnuƙe, aka yi saukar gaggawa a filin Sinsinati, mutum 23 suka rasu. Masu bincike ba su tabbatar da asalin wutar ba, amma yau ana horon matuƙa kada su yi garajen mayar da birekar da ta faɗo. Ni dai a wannan gardama ina bayan masu fis, da sharaɗin a sa wa akwatin kwaɗo saboda baƙi.

An yi mini canjin ma'aikata. Aka ba ni wani dunƙulen ƙarfe in riƙa tokare bayan ribit yana bugawa, aikin da ba ya kusa da ko waya ɗaya. Na riƙe shi da mutunci har ranar da muka taso.

Kwanan baya ɗana ya ce jirgin ya tashi, yana cika awoyin gwajin da hukuma ke yanka wa sabon jirgi kafin a yarda ya ɗauki fasinja. Dattijo ya aiko cewa kujerar dama tawa ce duk ranar da na koma, ita ce mai kallon ɗan allon da ke sanar da fasinja cewa wannan jirgi ƙirar gida ce, bai cika ƙa'idojin jiragen kamfani ba. Na ce a gaya masa na gode ƙwarai, amma Hajiya ba ta yarda ba. Ban dai tambaye ta ba tukuna.