Lissafin Kawu da Gadar Wuri

Daga Duwala zuwa Garwa ta sama kimanin kilomita 700 ne, jirgi kuma yana cinye su cikin kusan awa ɗaya da rabi. Wannan labari ne ya shiga kan wani kawuna, dillalin albasa a Bonaberi, da aka sa ranar auren 'yar ƙaninsa a Garwa. Shekara da shekaru yana bin ƙasa, bana ya rantse sai sama.

Sai ya yi lissafi irin na 'yan kasuwa: in Garwa awa ɗaya da rabi ce, ai filin jirgin da ke bayan New Bell taku biyu ne. Na ce, "Kawu, a dai fita da wuri, akwai gada." Ya harare ni. "Kai yaro, gada biyu ce yanzu, ko barci kake?" Gaskiyarsa, tun 2017 aka buɗe sabuwa a kan kogin Wuri, a gefen tsohuwar ta zamanin Faransa. Abin da ya manta shi ne, duk motar da ta taso daga Bafusam, Bamenda ko Limbe ta Bonaberi take shiga gari, kuma da an haye ruwa shataletalen Deido na jiran kowa.

A nan tasinmu ta cake. Tirela gaba, tirela baya, 'yan bensikin, wato 'yan acaɓa, suna kurɗawa kamar kwarkwasa. Kawu ya fita da babbar rigarsa mai sitaci, ya ɗare babur, ya rungume jarkar manjan da zai kai wa uwar amarya, ni kuma na hau wani da akwati a cinya. Da ma a ce ya zarce! Ina, wai ba zai bi ta unguwar Hausawa ta New Bell bai gaida surukinsa ba. Gaisuwar dattawa kuwa ba ta da birki: an tambayi gida, an tambayi kasuwa, an kawo shayi, har farashin albasar Marwa sai da aka tattauna.

Muna isa filin jirgi muka tarar an rufe kanta. Kawu ya ce wa ma'aikaciyar a tsayar da direban, tun da jirgin bai tashi ba. Ta dubi tikitin, ta dubi jarkar da ke ɗiga a kan tayil, ta ce ko da asuba ya zo wannan ba za ta shiga tare da shi ba.

Haka ya koma tsohuwar hanya: bas zuwa Yawunde, jirgin ƙasa na dare mai bin kilomita sama da 600 zuwa Ngaundare, sannan wata motar ta gangara da shi Garwa. Ya tarar ana naɗe tabarmi, goron ɗaurin aure ma an rabe. Uwar amarya ta karɓi manjanta, ta jijjiga jarkar, ta ce, "Yaya, ina sauran?" Sauran yana gaban babbar riga.