Sumar Yajin Aiki

A Zandam namiji yana da iko da gonarsa, yana da iko da akuyarsa, amma kansa masu shi suna da yawa. Akwai uba, akwai liman, akwai dattawan da ke zama a gindin bishiya bayan la'asar. Sai kuma wanzamin gida, wanda tun ranar suna ya ɗora maka aska, yake kuma ganin duk abin da ya tsiro bayan nan amana ce a wuyansa. Namu ba a biyansa kuɗin aski a hannu, da kaka Baba ke aika masa da dami. Saboda haka in ka tara suma ka sa bawan Allah cin hatsin da bai yi wa aiki ba, kuma ya rantse ba zai ci haram saboda wani ɗan boko ba.

Ni kuwa na tara. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda aka fara ranar 14 ga Fabrairu bai ƙare ba sai 14 ga Oktoba, shi ya koro ni gida da jaka ɗaya da littattafan da ban sake buɗewa ba. Tunda karatu ya tsaya cak, sai na ga gara in sami wani abu nawa da ke ci gaba. Gashin ɗan Adam yana ƙaruwa da wajen santimita 1 a wata, ko an zauna taro a Abuja ko an ɗage.

Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, daga rugagen da ke kusa da iyakar Bauchi, kuma rabin gashinta na gada. Rabin nan ne masifar. Bai nannaɗe ya zauna wuri ɗaya irin na Baba ba, bai kuma kwanta luf irin nata ba. Lanƙwasa yake yi yana tafiya, kowane sili da tasa alƙiblar. Burina shi ne suma irin ta Shah Rukh Khan, wadda in iska ta kaɗa sai ta tashi ta dawo mazauninta da ladabi. Abin da madubi ya riƙa nuna mini kuwa Wole Soyinka ne, sai dai shi ya karɓi kyautar Nobel a 1986, ni ko sakamakon zangon farko ban gani ba.

Da sabulun wanki na fara, don na ɗauka tsafta ce maganin komai. Kullum da safe sai in cuɗa kai da shi da ruwan rijiya, in goge da tawul da ƙarfi, in jira ya bushe ƙayau, sannan in kafa mataji tun daga saiwa in ja. Duk wanda ya san gashi zai gaya maka ba a yi wa maƙiyi haka. Maiƙon da fatar kai ke fitarwa yana gangarowa cikin sauƙi a miƙaƙƙen gashi, amma a mai lanƙwasa sai ya maƙale a hanya, bakin gashin ya zauna a bushe. Sabulu mai kaifi ya zo ya kwashe ɗan abin da ya rage, 'yan ɓawon da ke lulluɓe da kowane sili su miƙe, su riƙa sarƙe juna. Matajin roba da na sayo a kasuwar Sara bai yi nisan kwana ba. Haƙoransa suka riƙa ɓacewa a ciki ɗaya bayan ɗaya, wani ma sai bayan kwanaki ya faɗo a kan faranti ina cin tuwo, ƙanena ya ɗauka ya ce, "Yaya, kanka ya fara famfara."

Taubashina ne ya kawo shawarar man shanu, ya kuma faɗe ta da fuskar mutumin kirki. Na lafta shi da daddare a tsakiyar bazara na kwanta a tsakar gida. Wajen tsakar dare na farka na ji kaina yana tafiya ni ina kwance. Kiyashi ne, sun ja layi tun daga gindin rumbu. Kashegari rana ta narkar da sauran, ya riƙa bin wuya yana shiga riga, kyanwar gidanmu kuma ta ɗauke ni aboki na ƙut da ƙut. A masallaci, inda liman ke ta cewa a cike sahu, sai ga fili ta dama da ta hagu an bar mini ni kaɗai.

Da Baba ya kira ni zaure na zo da hujjojina a shirye. Na ce ai ya tabbata gashin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan kai fatar kunne, wani lokaci har kafaɗa. Liman yana nan zaune. Ya ce gaskiya ne, abin da aka hana shi ne a aske wani gefe a bar wani, kuma an umarci mai gashi ya kula da shi, ya taje, ya shafa mai. Har na fara gyara zama. Sai ya ɗaga kai ya bi sumar da kallo har ƙarshenta, ya ce, "To amma ɗana, taka sama ta nufa. Yaushe za ta iso kafaɗar?"

Na zaro makamina na ƙarshe, wani tsohon hoto da na tsinta a akwatin Inna. Baba ne a Kano a zamanin kuɗin Udoji, wajen 1974, da wando mai faɗin ƙafa da suma himili guda, ta cika hoton har ta taɓa gefe. Ya karɓa ya daɗe yana dubawa. Ya ce wannan wani ne mai kama da shi, ya sa a aljihu. Har yau ban sake ganin hoton ba.

Damina ta zo da nata salon. Gashin da ya bushe, da ya ji laima a iska sai ya zuƙe ta ya kumbura. Babbar Sallah ta faɗo a watan Yuli, an kwana ana ruwa. Na danna kube sabuwa da hannu biyu har sai da ta zauna, muka tafi filin idi. Tun a kabbarorin farko na ji tana tashi a hankali, ba gaggawa. A ruku'u ta karkace. A sujada ta yi sallama da ni, ta gangara ta bi ta tsakanin ƙafafun sahun gaba, sumar kuwa ta buɗe gaba ɗaya kamar an kwance bakin buhun auduga. Yaron da ke bayana bai iya ƙarasa sallar ba, ubansa ya make shi, ni kuma ya harare ni.

Da yammar nan Kaka ta kira ni ɗakinta. "Zo nan, mai gidana. Ni ba zan zauna da miji mai kan dodo ba, kishiyoyi na yi mini dariya." Ta sa ƙanwata ta jiƙa busasshen karkashi a ruwan ɗumi har ya yi yauƙi, ta tace. Ta zaunar da ni a tabarma, ta matse kaina tsakanin gwiwoyinta, ta kulle ƙofa don kada a ce an ga namiji a wajen kitso. Ta raba sumar gida-gida, ta shafe kowane kashi da yauƙin, ta fara warwarewa da yatsu daga baki tana hawa zuwa saiwa, ba daga saiwa ba. Sai da ya saki sannan ta kawo mataji mai manyan haƙora, gashin yana jiƙe. Ba ta goge da tawul ba, tsohon zane mai laushi ta sa ta matse ruwan. Ta lakato man kaɗanya ɗan kaɗan, ta murza a tafin hannu har ya narke, ta bi bakin gashin kawai. Dokokinta: wanki sau ɗaya a mako ya isa, ba a taje shi a bushe, ba a yawan taɓa shi, da dare kuma a ɗaure da ɗankwali mai santsi. Wannan karkashin da muke miya da shi, shi ne matan Chadi ke kira ambunu, ana ƙulla shi a leda mai hoto ana sayar wa matan Amurka ta intanet da dala. A bayan ɗakin Kaka yake fitowa ba wanda ya shuka.

Ya yi aiki kuwa. Sumar ta kwanta, ta yi igiya-igiya tana sheƙi, har 'yan matan da ke zuwa rijiya suka fara rage sauri a ƙofar gidanmu. Ɗankwalin ne kawai abin ɓoyo. Na riƙa ɗaura shi bayan kowa ya yi barci, in cire kafin kiran assalatu. Wata asuba barci ya sace ni, Baba ya leƙo da tocila zai tashe ni salla, ya haska ya ga mutum kwance da ɗankwali ja mai furanni. Ya yi salati ya ja da baya, ya je ya tambayi Inna wace baƙuwa ce aka sauka a ɗakin samari ba a gaya masa ba.

Bai ce mini komai ba ranar, bai ce ba kashegari. A makon ne matar yayana ta haihu. Ranar suna da sassafe aka taru a ƙofar gida, aka raba goro, aka yi addu'a, wanzami ya buɗe zabira ya aske jariri tas. Yana shirin naɗe kaya sai Baba ya ce, a gaban dukan jama'a, "Dakata. In ka gama da ƙaramin, ga babban nan." Kafin in nemi takalmina taubasaina sun riƙe ni ta kowane gefe, mai shawarar man shanu shi ne a gaba.

Wanzami ya wasa aska a tafin hannu yana murmushi, ya jiƙa kan, ya shafa ya ji laushi, ya ce wallahi tun da yake sana'ar bai taɓa aske suma mai daɗin aska irin wannan ba, wa ya gyara ta? Daga cikin gida Kaka ta ɗaga murya ta ce ita ce, kuma tunda an zubar mata da wahala a ƙasa, a gaya wa surukinta ya biya ta kuɗin man kaɗanyarta.